Rigar da Bello Ya Kawo

Labarin ya riga Hashimu isowa Maradun. Kafin a kira azahar ranar Laraba, babu gidan da ba a ji ba a sabon gari cewa an gan shi, saurayin Barira, jiya a kasuwar Talata Mafara, ya fito daga lungun masu burukutu da rana tsaka, yana warin giya har mutane na kauce masa.

Barira ta ji ne daga bakin Gwaggo Taibatu, ƙanwar babanta, wadda ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifiyarsu. Dawowarta ke nan daga firamaren da take koyarwa, ko mayafi ba ta cire ba.

"To, malama, kin ji abin da sojanki yay yi?"

"Mi yay yi, Gwaggo?"

"Giya yash sha! Bello da idonai yag gan shi."

Ai kuwa dole Bello ya gani. Bello ɗan kwangilar yashi ne a aikin magudanan ruwan Bakolori, yana da mota a-kori-kura da hular da ke kusan taɓa rufin zaure, kuma tun ranar da Barira ta ce ba ta son sa idonsa bai sake sauka daga kan Hashimu ba. Gwaggo kuwa tana son Bello kamar ita za a aura masa, don bai taɓa zuwa gidan hannu rabbana ba.

Barira ta shige ɗaki. Ta san abin da wannan magana za ta rusa.

Malam Audu, mahaifinta, bai taɓa son Hashimu ba. A ganinsa yaron ƙauyen Dakko da ya ja igiyar awo a bayan Turawan kamfani, aka auna gonakin fadama kafin ruwan madatsar Bakolori ya cinye su, bai dace da zama surukinsa ba. An daɗe ana kai gwauro ana kai mari kafin ya sassauto ya ce a ɗaura aure kafin yaron ya tafi Kaduna, makarantar horon hafsoshin soja, inda ya ci jarrabawa. Abu guda ya rage wa Hashimu a can: shaidar hakiminsu na Bakura cewa shi mutumin kirki ne. Da jita-jitar ta kai wa hakimi, sai ya aiko wa Malam Audu, abokinsa tun na makarantar allo, cewa mai shirin ba yaro 'ya ya fi kowa bincikensa, don haka abin da Malam ya faɗa shi zai shaida.

Aure da kaki, duka biyun suna kan harshen mutumin da dama neman dalili yake.

Da la'asar Barira ta ji ƙarar keken Hashimu a ƙofar gida. Ba ta jira an aiko ba, ta fita.

Yana tsaye a gindin dogon yaro, sanye da wata tsohuwar taguwa. Idonsa ya faɗa, amma ya yi mata murmushin nan da ya saba, abin da ya ƙara ba ta haushi.

"An wuni lahiya, Barira?"

"Lahiya ta ƙare. Yaya Hashimu, ka dube ni. Ka sha?"

"Wallahi tallahi ban sha ba. Ko ɗigo bai taɓa shiga bakina ba tun da anka haihe ni."

"To mi yak kai ka lungun ga?"

Ya sunkuyar da kai.

"An ce rigakka na wari. Ƙarya ta?"

"Ba ƙarya ta ba."

"To hwaɗa mani!"

"Ba ni iyawa."

Hawayen da take riƙewa tun azahar suka ɓalle.

"Ba ka iyawa? Ni da nit tsaya gaban Baba ina kuka har yac ce in tashi mashi da gani? Ni da Gwaggo tad daina ci da ni kwano guda sabili da kai? Yau ni ta ba ka iya gaya ma magana?"

"Barira, in na buɗe baki, akwai wanda za ya ji ciwon da yah hi nawa."

"Wa ye shi? Wa yah hi ni gare ka?"

"Babu. Don haka na ma nika shiru."

Ba ta gane ba, kuma a lokacin ba ta da zuciyar ganewa. Ta share fuska da bakin mayafi.

"Baba ya ce gobe da hantsi ka zo zaure, Bello ma shina zuwa. In ka yi shirun ga gabanai, ka rasa ni, ka rasa Kaduna. Ka san da haka?"

"Na sani."

"Kuma ka yarda?"

Ya dubi sitiyarin kekensa. Da ya ɗago, idonsa ya yi ja.

"Ban yarda ba. Zuciyata kamar ta tsage. Amma abin da za ni ce gobe shi na wanda nic ce maki yanzu: ban sha ba."

Ta juya ta shige gida ba sallama. Tana jin sa bai tafi ba, har aka kira magariba.

Washegari ba ta je makaranta ba. Don kada ta zauna tunani ya kashe ta, ta ɗauki tsintsiya ta bi ɗakunan gidan ɗaya bayan ɗaya, har ta kai shagon yayanta Ɗanasabe da ke kusa da zaure.

Ɗanasabe shi ne babba, shi ne kuma wanda tashin da aka yi musu daga tsohon gari ya fi karyawa. Manomi ne na gaske a tsohuwar fadama. Da aka dawo da su kan wannan tudu mai tsakuwa, sai ya zama mutum mai yawan barci da yawan zuwa Mafara ba tare da abin sayarwa ba. Ranar Talata motar kasuwa ta sauke shi jiki a mace, aka ce zazzaɓi ne, kuma tun daga nan bai fito ba.

Yana kwance ya juya wa ƙofa baya. Ta gaishe shi, ya amsa da ƙyar. Ta ɗaga bakin katifa za ta share, sai ga farin yadi a cukuikuye.

Ta jawo. Farar riga ce ta shadda. A bakin aljihu akwai ɗan tabon jan tawada, kuma ita ta san tabon nan, don alƙalamin da take makin yara da shi ne ya tsiyaye a wurin, ranar da Hashimu ya ƙwace shi yana tsokanarta.

"Yaya, mi rigar Hashimu ka yi ƙarƙashin katihwakka?"

Ya ƙara cusa fuska a bango.

"Yaya, ina rigar saƙin Inna da kas sa ran kasuwa?"

Sai ta ga kafaɗunsa sun fara girgiza. Ƙato guda, mai ɗaukar buhun dawa shi kaɗai, ya fashe da kuka.

"Ni na, Barira. Ni nash sha."

Ta zame ta zauna a ƙasa.

Ya ba ta labarin yana shessheƙa. Ya sha har ya faɗi kan tukunyar mai burukutun, ta kife masa a jiki. Wani da ya san su tare ya hango Hashimu a kasuwa ya kira shi. Hashimu ya shiga lungun da bai taɓa takawa ba, ya wanke masa fuska, ya tura masa goro a baki. Motar Maradun cike take da 'yan gari, kowa ya san ɗan Malam Audu. Sai Hashimu ya tuɓe masa jiƙaƙƙiyar rigar, ya sa masa tasa, ya kai shi mota ta bayan rumfuna, ya ce wa direba zazzaɓi ne.

"Tau shi kuma sai yas sa tawa. Bai iya ratsa kasuwa ba riga, kuma ya ce ba ya barin rigar Inna gidan giya, wani ɗan Maradun shi gane ta."

Barira ta rungume farar rigar a ƙirjinta. Wani daɗi ya taso mata, sai kuma kunya ta biyo baya, da ta tuna maganganun da ta yaɓa masa jiya.

"Tashi ka gaya ma Baba."

"Ba ni iyawa. Tsine mani za ya yi. Ke kin san tun da munka taso abin da yar rage mashi sunanai na kaɗai."

"To shi Hashimu ba shi da suna? Ba shi da uwa a Dakko da taka jiran ta gan shi cikin kaki?"

Ɗanasabe ya rufe fuska da tafukansa. Daga waje aka ji tsayuwar mota, da murɗaɗɗiyar sallamar Bello, wadda yake ja kamar mai karatun Sallah.

Tsakanin zaure da cikin gida akwai asabari. Nan Barira ta tsaya, rigar na naɗe a cikin mayafinta, tana leƙe ta jikin asabarin.

Malam Audu na kan buzunsa, da carbi a hannu. Dattawan unguwa biyu na gefensa. Hashimu ya durƙusa can kusa da ƙofa. Bello kuwa ya baje babbar riga ya cinye rabin tabarma, da wani ƙunshi a gabansa.

An daɗe ana gaisuwa, an tambayi gida da gajiya da ruwa da mutanen Mafara da na Dakko, kamar ba abin da ya tara su. Sannan Malam ya gyara murya.

"Hashimu, an ce an gane ka inda bai kamata ba."

"An gane ni, Baba."

"Ka sha?"

"Ban sha ba, Baba."

"Mi yak kai ka?"

"Ka gahwarce ni, Baba. Wanga ba ni iya hwaɗi."

Ɗaya daga cikin dattawan ya girgiza kai. Malam ya ja carbi da ƙarfi, fuskarsa ta ɗaure. Barira ta san wannan fuska; daga ita sai yanke hukunci.

Da Bello ya yi shiru a nan, da ya ci nasara. To amma Bello bai taɓa ganin wuta na ci ya bar ta ba tare da ya ƙara itace ba.

"Baba Malam, ni ba ni son in yi ma kowa ƙazahi, shi yas sa niz zo da shaida. Da yab bar kasuwa, mai wanki yak kai ma rigar, can bakin magudana, don shi ɓad da sawu. Ni kau nib bi shi nik karɓo ta kahin ta taɓa ruwa."

Ya kwance ƙunshin da yatsu biyu, yana yamutsa fuska. Tsamin burukutu ya cika zauren, dattawa suka toshe hanci.

"Ku duba dabara irin ta masu sha. Ya aje tuhwahinai na kirki, yas samo wagga tsumma ta ƙauye don kada a gane shi. Ko ni ba ni ba maigadina irin ta!"

Ya ɗaga ta sama, ya girgiza, don kowa ya gani da kyau.

Kowa kuwa ya gani. Baƙar riga ce ta saƙi, mai ratsin fari siriri, an yi mata ƙari a wuya da shuɗin zare. Bello ɗan Mafara ne, mai sayen yadi a kanti, a wurinsa duk saƙi saƙi ne. Amma dattawan nan biyu 'yan tsohuwar Maradun ne. Suka dubi rigar, suka dubi juna, suka sunkuyar da kai.

Carbin Malam Audu ya tsaya.

Audugar rigar nan daga gonarsa ta fadama aka cire ta, girbin ƙarshe kafin ruwa ya rufe wurin. Marigayiya Kubura, uwar su Barira, ita ta kaɗa zaren da hannunta, a shekarar da ta rasu. Malam ne ya fara sa ta, ya je idi da ita, sannan ranar da suka kwashe kaya suka bar tsohon gari ya tuɓe ta ya sa wa ɗansa na fari.

"Miƙo ta nan," in ji Malam, a hankali.

Bello ya miƙa da rawar jiki. Malam ya karɓa da hannu biyu, da warin da komai, ya shimfiɗa ta a cinyarsa. Ya shafa ƙarin wuyan.

Barira ba ta san lokacin da ta ɗaga asabarin ba. Mace ba ta shiga zaure ana shari'ar maza, ta sani, kuma Gwaggo na bayanta tana jan mayafinta. Ta fizge, ta shiga, ta durƙusa a gaban mahaifinta, ta ajiye farar rigar kusa da baƙar.

"Baba, wagga shagon Yaya nis same ta."

Hashimu ya ɗago a firgice.

"Barira, don Allah..."

"Yi shiru, yaro," in ji Malam.

Sai ga motsi a ƙofa. Ɗanasabe ne, ba hula, ido a kumbure. Ya zube a gaban mahaifinsa har goshinsa na taɓa buzu.

"Baba, ni na. Ni nash sha, ba tun yau ba. Shi suturta ni yay yi. Ka yi mani abin da kag ga dama, amma kada ka hana mashi Barira."

Barira ta ga hawaye ya gangaro cikin furfurar gemun mahaifinta, abin da ba ta gani ba ko ranar da aka tashe su.

Da Malam ya buɗe baki, ba ɗansa ya fara duba ba.

"Hashimu, matso."

Hashimu ya matso da gwiwa.

"Ka san in ka yi shiru ba ni ba ka ɗiyata?"

"Na sani, Baba."

"Ka san abin da za ni aika ma hakimi?"

"Na sani."

"To don mi?"

Hashimu ya ɗago kai.

"Baba, ni nij ja igiya cikin gonakka. Ina yaro, aiki anka ba ni, amma ni nij ja. Na ga ranar da kat tsaya bakin fadama kana kallonmu, ba ka ce komi ba. Ban iya maida maka gona. Sai nic ce, sunan da yar rage maka, ba da bakina za a taɓa shi ba."

Barira ta toshe bakinta da mayafi, kuka ya ci ƙarfinta. Ɗaya dattijon ma sai share ido yake yana salati.

Bello ya ga ƙasa na zamewa, ya yi gyaran murya.

"Wato, Baba Malam, ni dai don kare mutuncin gidan ga nay yi..."

"Ka kyauta, Bello," in ji Malam, ko kallonsa bai yi ba. "Ka maido mani da rigata. Tsummar da ba ka ba maigadinka, matata tak kaɗa zarenta. Ka gaida mutanen Mafara."

Bello ya tattara babbar rigarsa ya miƙe. Garin sauri hularsa ta bugi saman ƙofa ta faɗo, ya tsaya ɗauka, kuma babu wanda ya taya shi. Motar ma sai da ta yi masa gardama, aka ji yana roƙon masu wucewa su tura. Gwaggo Taibatu, da ke bayan asabari, ta sulale ta koma madafa, ta kama hura wutar da ke ci da kanta.

Malam ya ɗora hannu a kan Ɗanasabe.

"Kai kuma, ba ni tsine maka. Na ga kana nutsewa nis sa ido, ina jin haushin ruwa. Ni da kai muna da magana, amma cikin gida. Tashi."

Sannan ya juya ga dattawan.

"Ku shaida. Ba aike za ni yi Bakura ba, da ƙahwata za ni. In gaya ma hakimi, in sojan ƙasag ga na neman wanda za su ba amana, ga shi nan na gani da idona. Aure kau ranar Juma'a, bayan an sauko. Ba ni son shi tahi Kaduna sai da matatai a hannu."

"Alhamdu lillahi!" in ji dattawan a tare.

Daga can cikin gida sai ga guɗa ta tashi, doguwa, mai kaɗa kunne. Barira ta saki baki, don ta san muryar. Gwaggo ce. Lallai Gwaggo ba ta taɓa bari biki ya fara ba da ita ba.

Barira ta yunƙura za ta gudu ciki, kunya ta dawo mata gaba ɗaya, sai mahaifinta ya tsai da ita. Ya ɗauki farar rigar ya miƙa wa Ɗanasabe.

"Kai ka wanke wagga da hannunka, ka maida ma mai ita."

Ya naɗe baƙar a hankali, ya ɗora a hannun 'yarsa.

"Ke kuma wanke wagga, ki turara ta da kyau."

"To, Baba. In kai ma Yaya in ta bushe?"

Malam Audu ya girgiza kai. Ya dubi Hashimu, wanda har yanzu ke durƙushe cikin tsohuwar taguwarsa, hawaye na zuba bai damu ya share ba.

"A'a. Angonki za ya sa ta ran Juma'a. Ya sa ta tana wari don ya ruhe mani asiri. Shi sa ta tana ƙamshi, gari duka shi gani."